Wasa a Garin da Ake Makoki: Daga San Francisco Zuwa Valencia

Ranar Talata, 17 ga Oktoba, 1989, da ƙarfe biyar na yamma, tashar talabijin ta ABC a Amurka ta buɗe shirinta kai tsaye daga filin wasa na Candlestick a birnin San Francisco. Wasa na uku za a buga a karon ƙarshe na gasar besbol, wanda suke kira World Series, inda ake fitar da zakaran shekara a wasan nan nasu na jifa da bugun ƙwallo da kulki. A waccan shekarar maƙwabta ne suka haɗu: Giants ta San Francisco da Athletics ta Oakland, garuruwa biyu da ruwa ya raba, gada ta haɗa. Oakland ta riga ta ci wasanni biyu na farko a gidanta. Minti huɗu da fara shirin, mai sharhi Tim McCarver yana bayani a kan wasan da ya gabata, sai hoto ya fara rawa. Abokin aikinsa Al Michaels ya katse shi zai ce ƙasa na girgiza, bai rufe baki ba layi ya yanke.

Girgizar ta kai maki 6.9, ta taso daga duwatsun Santa Cruz kusa da tsaunin Loma Prieta, kimanin kilomita 95 kudu da birnin, kuma ba ta wuce daƙiƙa goma sha biyar ba. Mutum 63 suka rasu, 3,757 suka ji rauni, aka yi asarar dukiya ta kusan dala biliyan shida. A cikin filin, mai ɗaukar mutum kusan dubu 62, ba wanda ya mutu. Da ƙasa ta lafa ma sai 'yan kallo suka kaure da shewa, don mutanen Kalifoniya sun saba da motsin ƙasa, sun ɗauka za a ci gaba da wasa. Sai da masu ƙananan rediyo da talabijin na batir suka fara jin abin da ke faruwa a gari, sannan jikin kowa ya yi sanyi. 'Yan wasa suka riƙa sauko da matansu da 'ya'yansu tsakiyar fili. Wuta ta ɗauke, don haka da lasifikar 'yan sanda aka sanar cewa an ɗage wasa, kowa ya fita kafin duhu.

Me ya sa za a fara wasa da biyar da minti talatin da biyar na yamma, ranar aiki, daidai lokacin da tituna suka fi cushewa? Don agogon gabashin Amurka yana gaba da na Kalifoniya da awa uku. Lokacin da San Francisco take tashi daga aiki, mutanen New York da Boston da Washington sun ci abincin dare sun zauna gaban akwati, kuma a wannan sa'ar ce kuɗin talla ya fi tsada. Masu kallo na nesa aka duba aka yanka lokacin, ba mutanen garin ba. Wannan lissafi na kasuwa kuwa, cikin ikon Allah, shi ya zama sanadin tsirar rayuka.

A Oakland akwai wata gadar sama mai hawa biyu a kan babbar hanya, ana kiranta Cypress, an buɗe ta a 1957, wani sashenta an kafa shi a kan taɓo. Da ƙasa ta motsa, ginshiƙan suka karye, hawan sama ya danne na ƙasa a tsawon kusan kilomita biyu. A daren farko jami'ai suka yi lissafi da yawan motocin da suka saba bi ta nan da yamma, suka ce matattu za su haura ɗari biyu. Da aka tona, 42 aka samu. Hanyar ba ta cika ba a ranar. Wasu sun baro aiki da wuri sun tafi gida don kada wasa ya wuce su, wasu sun tsaya a ofis ko wuraren shaƙatawa su kalla tare da abokai, dubbai kuma suna cikin filin. Jami'an hanya sun danganta ƙarancin motocin da wasan, kuma har yau mutanen yankin haka suke faɗa. Ba a cika yabon mutane don sun manne wa talabijin ba, amma a yammacin nan ɗabi'ar ta raba mutane da yawa da hanyar ajali.

Talabijin ta yi aiki na biyu a daren. Saboda wasan, motocin watsa shiri masu janaretansu da ɗaruruwan 'yan jarida suna garin. ABC ta ɗan saka wani tsohon shirin barkwanci don cike gurbi, daga nan Ted Koppel ya karɓi labarai daga Washington, Al Michaels kuma, wanda ya san garin ciki da bai, ya koma ɗan rahoto daga cikin motar tashar, yana faɗin sunan kowace unguwa da hoto ya nuna. Balan-balan ɗin kamfanin taya na Goodyear, wanda aka kawo don ɗaukar filin wasa daga sama, ya juya ya nufi gari. Ta nan duniya ta ga gadar Bay, wadda wani yanki nata mai tsawon mita 15 ya rufta, da gobarar unguwar Marina, inda aka yi gini a kan ƙasar ciko. Bututun ruwa sun fashe, sai jirgin ruwan 'yan kwana-kwana mai suna Phoenix ya riƙa zuƙo ruwan teku, mutanen unguwa suna jan tiyo da hannu zuwa bakin wuta. Amurkawa ba su taɓa ganin babbar girgizar ƙasa a ƙasarsu kai tsaye haka ba.

Sai dai kyamara tana ganin inda aka girke ta ne kawai. Hotuna uku aka yi ta maimaitawa, gada da gobara da Cypress, har na nesa suka ɗauka San Francisco ta rushe gaba ɗaya, alhali yawancin birnin yana tsaye. Garin Santa Cruz, wanda tsakiyar kasuwarsa ta zube, da Watsonville, garin leburorin gona inda iyalai suka koma kwana a tanti, sun fi kusa da tushen girgizar, amma sun daɗe kafin a waiwaye su yadda ya kamata. Mutanen da abin ya shafa kuwa, da yawansu ba su ga komai ba a daren, don ba wuta. Rediyon batir suka rungume. Mai kallo a Chicago ya riga mazaunin Oakland sanin halin da Oakland take ciki. Su kuwa talakawan yammacin Oakland, mazauna gindin gadar, ba su jira kowa ba: suka fito da tsani da igiya da motocin ɗaga kaya daga masana'antun unguwa, suka hau ɓaraguzai suna zaro mutane tun kafin ma'aikatan ceto su iso.

Washegari aka shiga muhawara. Shugaban hukumar besbol, Fay Vincent, wata guda ke nan da hawansa kujera bayan rasuwar Bart Giamatti a farkon Satumba. Ya yi taron manema labarai a otal ɗin St. Francis da hasken kyandir, ya ce wasansu ƙaramin abu ne in aka gwada shi da abin da ya sami gari. Maganar ta kwantar da hankali, amma ba ta yanke hukunci ba. Wasu marubutan jaridu suka ce a soke gasar ɗungurungum, don ba ya kyautuwa a yi sowa a Candlestick alhali gawawwaki suna ƙarƙashin kankare a tsallaken ruwa. Wasu suka ce a kai ta wani gari. Wasu kuma suka ce barin ta a gida shi zai nuna yankin bai durƙushe ba.

Vincent ya fara sa ranar 24 ga wata. Magajin garin San Francisco, Art Agnos, ya ƙi. Hujjojinsa ba na tausayi kawai ba ne: yana son injiniyoyi su tabbatar masa filin ba zai faɗo wa mutane ba, gadar Bay a rufe take, 'yan sandansa kuma suna da aikin da ya fi tsaron 'yan kallo. Shi da so samu ne a jira wata guda. Vincent ya ce wata ya yi yawa, har ya nuna zai iya ɗauke wasan daga garin. A tsakiyar wannan ja-in-ja, ranar 21 ga wata, aka zaro wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa, Buck Helm, da ransa daga cikin motarsa a Cypress bayan kusan awa casa'in. Ya rasu a asibiti bayan wata guda, amma fitowarsa ta tuna wa kowa cewa aikin ceto bai ƙare ba. Ɗan wasan Oakland Dave Stewart, haifaffen garin, ya yi ta zuwa wurin yana kai wa ma'aikata taimako. Daga ƙarshe aka tsaya a kan Juma'a, 27 ga Oktoba, kwana goma bayan girgizar.

A ranar aka yi shiru na girmama mamata da ƙarfe biyar da minti huɗu, aka ba ma'aikatan ceto da 'yan sa-kai jifan ƙwallon buɗe wasa. Oakland ta ci 13 da 7, washegari ta ci 9 da 6, ta ɗauki kofi. 'Yan wasanta suka bar al'adar fesa giya a ɗakin canja kaya saboda makoki, aka ba Stewart kyautar gwarzon gasa. Abin lura shi ne jama'a ba su yi tururuwar kallo ba. Tun da aka fara auna masu kallon World Series, ba a taɓa samun wadda aka ƙaurace wa kamar ta 1989 ba, zuwa lokacin. Masu cewa ƙasa tana ƙishirwar wasa don ta manta baƙin ciki ba su sami shaida a alƙaluman ba.

A ganina Agnos ya yi daidai, kuma Vincent ya yi hankali da ya saurare shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya sa labarin 1989 ya ƙare ba tare da tabo ba shi ne garin da aka yi wa rashi yana da bakin cewa a dakata, kuma aka dakata.

Shekara huɗu kafin nan, a Meziko, ba haka aka yi ba. Ranar 19 ga Satumba, 1985, da ƙarfe bakwai da minti goma sha tara na safe, girgiza mai maki 8 ta auka wa babban birnin. Ita ma an gan ta a akwati: Lourdes Guerrero tana gabatar da shirin safe a tashar Televisa, tana roƙon masu kallo su kwantar da hankali, fitilun ɗakin shiri suna lilo a kanta, sai hoto ya ɗauke. Wani sashe na ginin tashar a titin Chapultepec ya rushe, ma'aikata suka mutu. Aƙalla mutum dubu biyar suka rasu a birnin, ƙiyasi da yawa kuma suna kai adadin dubu goma ko fiye. Filin besbol na hukumar inshorar ma'aikata aka mayar wurin ajiye gawawwaki. Wata takwas ya rage a fara gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa, wadda Meziko ta karɓa a 1983 bayan Kolombiya ta ce ba za ta iya ba.

Filayen ƙwallo ba su lalace ba, sai FIFA da masu shirya gasa suka ce babu abin da zai canja. Shugaban kwamitin shirye-shirye, Guillermo Cañedo, mataimakin shugaban FIFA ne, kuma babban jami'i ne a Televisa. Wato mai gasa da mai tashar kusan mutum ɗaya ne. Aka sa wasanni da yawa da ƙarfe goma sha biyun rana, cikin zafi da ƙarancin iska na tuddan Meziko, don a lokacin ƙarfe takwas na dare ne a tsakiyar Turai. Maradona da Jorge Valdano na Ajantina suka yi ƙorafi, ba a saurare su ba. Ranar buɗewa, 31 ga Mayu, 1986, shugaban ƙasa Miguel de la Madrid ya tashi zai yi jawabi a filin Azteca, jama'a suka rufe muryarsa da ihu da fito. Ba su manta da jan ƙafar gwamnatinsa a kwanakin girgizar ba, lokacin da talakawa suka tona ɓaraguzai da hannunsu, kuma har a ranar akwai iyalai dubbai a matsugunan wucin gadi. Gasar ta yi kyau, duniya ba ta manta ƙwallayen Maradona ba, ba kuma zan ce da an soke ta da marasa gida sun sami gida ba. Amma ba a tambaye su ba, sai suka ba da amsarsu a gaban kyamarorin da aka kawo don wani abu dabam.

A Japan, bayan girgiza da ambaliyar teku ta 11 ga Maris, 2011, wadda ta ci mutum fiye da dubu 18 tsakanin matattu da waɗanda ba a gano ba, maganar ta koma ta wutar lantarki. Tashoshin talabijin suka dakatar da shirye-shiryen nishaɗi na kwanaki. Kamfanoni suka janye tallace-tallacensu don kada a ga suna neman ciniki ana kuka, sai aka cike guraben da saƙonnin faɗakarwa na ƙungiyar AC Japan, ana maimaita su dare da rana har masu kallo suka yi ta ƙorafi. Tashar nukiliya ta Fukushima ta lalace, kamfanin wuta na Tokyo ya fara ɗauke wuta unguwa-unguwa. Cikin wannan hali ɗaya daga manyan rukunonin besbol biyu na ƙasar, wanda ƙungiyar Yomiuri Giants take ciki, ya dage zai buɗe kaka ranar 25 ga Maris kamar yadda aka tsara, har da wasannin dare a rufaffen filin Tokyo Dome mai shan wuta. 'Yan wasa da kansu suka ƙi, ƙarƙashin shugaban ƙungiyarsu Takahiro Arai. Gwamnati ta mara musu baya, jama'a ma haka, aka koma 12 ga Afrilu. Gasar zamiya a kan ƙanƙara ta duniya da za a yi a Tokyo aka kai ta Mosko. Amma gasar besbol ta 'yan sakandare a Koshien, can yamma inda wuta ba ta yi ƙaranci ba, an yi ta a Maris ɗin, kuma ba a yi mata irin wannan caa ba. Ashe ba wasan mutane suka ƙi ba. Abin da suka ƙi shi ne a haska fili alhali gidaje da jiragen ƙasa suna jiran wuta.

Irin wannan ta sake faruwa a New York bayan guguwar Sandy ta 29 ga Oktoba, 2012. Magajin gari Michael Bloomberg ya ce za a yi tseren fanfalaki na birnin ranar 4 ga Nuwamba. Jaridu suka nuna manyan janaretoci da aka girke a lambun Central Park don tseren, ga unguwanni cikin duhu, ga shi kuma daga Staten Island ake tashi, inda aka fi yin rashi. Saura kwana biyu ya janye. 'Yan tsere da yawa da suka riga suka iso suka ɗauki kayan agaji suka tsallaka tsibirin.

Inda garin da abin ya shafa ba shi da murya a wurin masu gasa, jadawali ne yake yin nasara. Daren Juma'a, 8 ga Satumba, 2023, girgiza ta kashe mutum kusan dubu uku a Maroko, akasari a ƙauyukan duwatsun Atlas kudu da Marrakesh. An ɗage wasan Maroko da Laberiya, 'yan wasan Maroko suka tafi ba da jini. Amma Gambiya da Kongo, waɗanda suke Marrakesh don wasan neman gurbin kofin Afirka, suka kwana a waje bakin otal don tsoro, sannan hukumar CAF ta ce su fito ranar Lahadi. Masu horar da ƙungiyoyin biyu sun nuna ba da son ransu ba. Aka tashi biyu da biyu, Gambiya ta sami gurbi, ana kan tono mutane a nisan tafiyar awa ɗaya ko biyu daga filin. A unguwanninmu ko biki ake yi, in aka yi rasuwa a maƙwabta, makaɗa sukan ajiye ganga har a kai mamaci. Kwana biyu bai isa ba, kuma CAF ta yi kuskure.

Mu ma muna cikin labarin, don yanzu mu ne masu kallon nesa. Gidajen kallo a Kano da Zinder da Kumasi suna cikin kasuwar da ake sayar wa gasar Sifaniya, kuma don masu kallo irinmu a nahiyoyi dabam-dabam ake warwatsa wasanni daga rana zuwa dare. Ranar 29 ga Oktoba, 2024, ambaliya ta kashe mutum fiye da 220 a yankin Valencia na Sifaniya. Aka ɗage wasan Valencia da Real Madrid da na Villarreal da Rayo Vallecano, sauran kuwa aka ce a buga a ƙarshen makon. Shugaban La Liga, Javier Tebas, ya kafa hujja da cewa kowa yana bakin aikinsa, ƙwallo ma ta tsaya a nata, kuma aka yi amfani da shirye-shiryen wajen tara wa ƙungiyar agaji ta Red Cross kuɗi. Wannan hujja ba ta banza ba ce. Akwatin da ke kawo wasa yana iya kawo gudummawa. Sai dai masu sana'ar ba su gamsu ba. Koci Diego Simeone ya ce buga wasannin ba shi da ma'ana. Koci Carlo Ancelotti ya ce ƙwallo biki ce, ba a kuwa biki mutane suna cikin wahala. Kocin Osasuna na lokacin, Vicente Moreno, ɗan garin Massanassa da ruwa ya ci, ya yi hawaye a gaban 'yan jarida, ya jagoranci wasansa, sannan ya kama hanyar gida ya ɗauki shebur yana kwashe laka tare da maƙwabtansa. Masu tseren babura na MotoGP suka ƙi yin zagayen ƙarshe a Valencia, aka kai shi Barcelona.

Wasan Valencia da Real Madrid da aka ɗage an buga shi a filin Mestalla ranar 3 ga Janairu, 2025. Madrid ta ci biyu da ɗaya, tashoshi suka nuna shi, aka kammala kakar a kan lokacinta. Da an ɗage sauran takwas ɗin ma, da an sama musu rana.